Taku Ɗaya

Shekara goma sha tara na yi ina busa usur,
daga filin ƙasa na Dilimi har na Rikkos,
baƙar riga, gajeren wando, agogo biyu a hannu,
idanu biyu rak, irin na kowa.
Yanzu gwiwa ta ce ta gaji.
Na koma benci na uku a gidan kallon Tanimu,
naira ɗari biyu, da kofin shayi saboda sanyin Gangare.

Daren jiya ƙwallo ta shiga raga.
Rumfar kwano ta ɗauka gaba ɗaya.
Gyang makanike ya rungume Sallau mai nama,
alhali rabonsu da gaisawa tun rigimar wani bashi.
Wani yaro ya zubar mini da shayi a ƙafa,
ban ce masa komai ba.

Sai alƙali ya sa yatsa a kunne.
Shiru.
Ya zana akwati a iska,
ya ruga gefen fili kamar an aiko masa daga gida.
Gyang ya saki Sallau a hankali.
Kowa ya tsaya riƙe da murnarsa
kamar mai riƙe da kuɗin da ake zargin jabu ne.

Aka ja jan layi, aka ja shuɗi,
aka mayar da mutum baya, aka dawo da shi gaba,
aka tsayar da shi ƙafa ɗaya a sama,
ana auna kafaɗarsa kamar za a ɗinka masa riga.
Minti huɗu. Sauran shayina ya huce.
Wai satar gida: babban yatsa ne ya leƙa.

Rumfa ta kaure da zagi.
"Sun kashe ƙwallo!" in ji Sallau,
"ihun da sai an ba ka izini, ihu ne?"
Na yarda da shi. Murna ba tuwo ba ce,
in ta huce ba ta ɗumamuwa.

Amma ni ban yi zagi ba.
Ni Nanle na tuna.

Wasan ƙarshe na kofin unguwanni,
ruwan Agusta, fili ya zama kunu,
wani baƙo daga Legas a bakin layi yana rubuta sunaye.
Yaro ya fice kamar an harba shi, ya ci.
Mai tuta bai ɗaga ba. Ni na busa.
Na ga kamar ya wuce da taku ɗaya.
Kamar.
Da wannan "kamar" nake kwana, da ita nake tashi.
Baƙon ya rufe littafinsa tun kafin a tashi wasa.

Yau Nanle buhunan dankali yake saukewa a Farin Gada.
In na wuce yakan ce, "Sannu, Alƙali,"
ba ya ƙarawa, ba ya ragewa,
ni kuwa sai in sayi abin da ban zo saye ba.
Da akwai akwatin da zan zana a iskar ranar nan,
da na zana shi da hannu biyu,
ko da za a jira ni har a kira isha'i.

Sai dai kuma, tsakani da Allah,
na ga ranar da na'ura ta nuna hannu ƙarara,
mutum ya kalla sau shida ya ce bai gani ba.
Allo ba ya karɓar goro,
amma mai kallonsa ɗan Adam ne,
da cikinsa, da tsoronsa,
da ƙungiyar da yake so tun yana yaro.

Saura minti biyu aka kayar da wani a cikin yadi na sha takwas.
Alƙali ya sake kai yatsa kunne,
ya kama hanyar allo,
sai aka ɗauke wuta.

Tanimu na kokawa da igiyar janareto.
Cikin duhu wani ya haska ni da waya:
"Baba Alƙali, kai me ka gani? Fanareti ne?"
Mutum sittin suka yi tsit.
Na shafa aljihun da usur ke zama a da.
Na ce, "Ku bari a kawo wuta."